Karatun Kan Gada

Duk ƙarshen shekara nakan ɗauko wani tsohon littafin rubutu mai koren bango in ƙirga littattafan da na karanta. Bana, 2022, ƙirgen bai ba ni wahala ba: 12 ne, biyu daga ciki ma ban kai ƙarshensu ba. A shekarar da na gama difloma ta aikin jarida na karanta fiye da 30, amma a lokacin ba ni da miji, ba ni da 'ya, gurasa ɗaya kuma ba ta kai fam 50 ba.

Yawancin karatun nan a kan gada na yi shi. Wanda bai san garinmu ba sai in ɗan yi masa bayani. Abin da ake kira Hartum garuruwa uku ne da ruwa ya raba: Hartum ɗin kanta, da Umdurman, da Bahri. Farin Nilu yana tahowa daga kudu, Shuɗin Nilu yana gangarowa daga Habasha, su haɗu a wurin da ake kira Mugran. Ni ina zaune a Umbadda, can yammacin Umdurman, gidan rediyon da nake aiki kuma yana cikin Hartum. Ke nan kullum sai na haye Farin Nilu sau biyu, ko ta tsohuwar gadar ƙarfe ko ta gadar Fitihab. In Allah ya so ka da rahama, minti 40 ka isa. In ranar zanga-zanga ce, sojoji sun tare wasu gadojin, an jibge kwantenoni a gadar Mak Nimir, motocin gari duka sun taru a bakin ƙofa ɗaya, to sa'a biyu ma ka gode. Tun juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 ba mu fita sai mun tambayi juna wace gada ce a buɗe, kamar yadda manomi ke duba hadari.

Da farko ina zama ne a cikin hafila, wato bas ɗinmu ta haya, ina cika ina batsewa. Kwandasta, wanda muke ce wa kumsari, ba ya buɗe baki ya nemi kuɗinsa, yatsu yake kaɗa maka, kai ma in za ka sauka yatsun za ka kaɗa masa. Motar tana tsaye cak, gumi yana bin baya, wani dattijo yana zagin gwamnati, wata tana ba shi amsa da cewa ta da ma ba ta fi ba. Wata rana na ga wani yaro ɗan jami'a ya jingina da taga yana karatu hankali kwance kamar yana ɗakin uwarsa. Washegari na jefa littafi a jaka.

Na farko da na ɗauka tsohon sani ne, Mausim al-Hijra ila al-Shamal na Ɗayyib Salih. Na taɓa karanta shi ina 'yar shekara 19, a ɓoye, don an ce mana akwai batsa a ciki. Wannan karon na saye shi a dandalin Atane, a tsakiyar Hartum, inda masu tsofaffin littattafai ke baza hajarsu a ƙasa. A nan ne aka riƙa yin Mafrush, kasuwar littattafai ta Talatar farko a kowane wata, wadda aka fara a 2012, hukuma ta hana a 2015, ta dawo bayan faɗuwar Bashir. 'Yan Sudan suna son cewa Alƙahira ke rubutawa, Berut ke bugawa, Hartum ke karantawa. Mutanen Iraƙi sun ce Bagadaza aka ce, mu muka sace. Ko ma wa ya sace, mai sayar da littafin ya rantse mini cewa yanzu masu ɗagawa su duba su ajiye sun ninka masu saye sau goma, kuma bai ga laifinsu ba.

A karatun farko Mustafa Sa'id ne ya tafi da hankalina, mutumin da ya je Landan ya yi ilimi ya halaka mata, ya dawo ya ɓuya a ƙauye a bakin Nilu da ɗakinsa na sirri cike da littattafan Turanci. A wannan karon, ina da shekara 34, ko a jikina. Husna bint Mahmud na gani. Matar da mijinta ya ɓace, aka ɗaura mata aure dole da tsoho Wad Rayyis, ta faɗa da bakinta abin da za ta aikata in aka tilasta ta, ba wanda ya ɗauki maganarta da nauyi, har mai ba da labarin da yake sonta, wanda ya koma Hartum bakin aikinsa ya bar ta. Na rufe littafin muna tsakiyar gada ina jin haushinsa fiye da kowa a cikin labarin. Mugu ka san mugu ne. Amma mai ilimi mai kirki wanda ya ga abu yana tahowa ya yi shiru, shi ne ya tsaya mini a wuya, wataƙila don aikina bai rasa kama da nasa ba. Ɗayyib Salih ma ɗan rediyo ne, ya daɗe a sashen Larabci na BBC, kuma ana jin haka a hirar tsofaffin ƙauyen, musamman Bint Majzub. Kunne ya rubuta wannan hirar kafin hannu. Ya rasu a Landan a 2009, aka kawo shi maƙabartar Bakri a nan Umdurman. Ina wucewa ta kusa da wurin in za ni asibitin yara.

Da azumi, wanda ya kama a Afrilu cikin tsananin zafi, na karanta Shauƙ al-Darwish na Hammur Ziyada, wanda ya ci lambar Najib Mahfuz a 2014. Labarin Bakhit Mandil ne, bawa da ya fito daga kurkukun Sayir lokacin da daular Mahadi ta faɗi a 1898, ya shiga farautar waɗanda suka yi sanadin mutuwar matar da yake so. Ya yi mini tsawo a tsakiya, amma ya ɓata mini Umdurman ta hanyar da nake godiya. A makaranta an koya mana Karari da jarumtar Ansaru. Ba a koya mana su wa suka ɗebo ruwa, su wa aka sayar a kasuwa ba. Yanzu in na bi ta gaban ƙubbar Mahadi da gidan Halifa sai in riƙa tunanin waɗanda suka ɗauki tubalin. A cikin watan ne kuma maƙwabtanmu suka shimfiɗa tabarmi a bakin titi kamar kowace shekara, suna tare masu wucewa su sha ruwa da su, da hilu-mur da asida, duk da cewa kowa ya san tiren bana bai kai na bara nauyi ba.

Akwai wani littafi na koyon tsara lokaci, fassara daga Turanci, da wata abokiyar aiki ta ba ni. Marubucin yana ba da shawarar mutum ya rubuta abin da zai yi a kowane minti 15. Bai taɓa jiran gas ɗin girki ko dawowar wuta ba. Na kai shafi na 40 na mayar mata da abinta.

Al-Jango Masamir al-Ard na Abdul'aziz Baraka Sakin kuwa na shanye shi cikin kwana huɗu. Jango su ne 'yan ƙodagon da ke bin damina da kaka a gonakin riɗi da dawa na gabas, wajen Gadarif da iyakar Habasha, su tara kuɗi su cinye su koma. An sha kwashe littattafan marubucin daga kasuwar baje kolin littattafai ta Hartum, shi kansa ya bar ƙasar ya koma Ostiriya. Wasu wuraren sun sa na rufe bangon da gefen mayafina kada na kusa da ni ya leƙa. Sai dai ƙanen mahaifiyata ya yi shekaru yana yankan riɗi a can, kuma sai da na karanta wannan littafin na gane me ya sa yake dawowa hannu wofi, bakinsa cike da labari.

Daga nan sai Yuli ta zo.

Mu Hausawan Sudan ne. Kakan mahaifina ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, a ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur, irin hanyar da dubbai suka bi. Guzuri ya ƙare masa a bakin Shuɗin Nilu, ya tsaya ya yi noma ya tara na jirgin ruwa. Yana cikin tarawa ya yi aure, yana cikin tarawa ya haifi kakata. A can aka binne shi. Danginmu suna warwatse daga Sinnar zuwa Rusairis, mahaifina ne ya shigo birni.

A tsakiyar Yuli faɗa ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin. Tushensa ƙasar noma ne, da kuma neman da Hausawa suka yi na a ba su tasu masarautar a tsarin sarautun gargajiya na jihar, abin da sauran suka ce ba za ta saɓu ba, wai baƙo ba ya sarauta a ƙasar da ba tasa ba. Cikin 'yan kwanaki hukuma ta ƙirga gawa fiye da 100. An ƙone gidaje da shaguna a Rusairis da kewaye, mutane suka cika makarantun Damazin, wasu suka nausa Sinnar da jihar Farin Nilu. Kowane ɓangare ya yi asarar rai, wannan ba zan ɓoye ba. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da wasu garuruwa, ranar 19 ga wata kuma suka fito a Hartum aka tarye su da hayaƙi mai sa hawaye.

Ni ke karanta labaran ƙarfe 7 na safe a wannan makon. Aka miƙo mini takarda an rubuta "rikicin ƙabilanci", da adadin matattu, da kiran gwamna a kwantar da hankali. Editan, mutumin kirki ne wallahi, ya ja ni gefe ya ce, "Ya ustaza, in ba za ki iya ba a ba wani." Na ce zan iya. Na karanta da muryar da aka koya mana, wadda ba ta rawa, na wuce zuwa farashin dala da labarin wasanni. A lokacin kwana biyu ke nan wayar goggona ba ta shiga.

A shirin kiran waya da ya biyo baya wani ya bugo ya ce shi ba ya ƙin kowa, amma waɗannan mutanen su tuna baƙi ne, in zama ya ƙi su ga hanyar Najeriya nan. Bai san da wa yake magana ba. Larabcina na Umdurman ne tsantsa, sunana kuma irin na kowa. Na ce masa mun gode da ra'ayinsa, mai sauraro na gaba. Na daɗe ina juya wannan "mun gode" a raina. Ƙa'idar aiki ta ce daidai na yi. Amma ban manta da haushin da na ji na mai ba da labarin Ɗayyib Salih ba, wata huɗu kacal kafin nan.

Ba yau aka fara ba. A 2008 wata jarida ta ruwaito cewa shugaban ƙasa na lokacin ya ce Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Fadarsa ta musanta, amma sai da aka yi zanga-zanga a garuruwan gabas. Ina 'yar shekara 20 a lokacin, kuma na tuna yadda na daina amsa wayar mahaifiyata da Hausa in ina cikin mota.

Goggo ta iso gidanmu ranar da ta cika kwana shida da barin Rusairis, da 'ya'yanta mata biyu da ƙullin kaya ɗaya. Mijinta yana Damazin. Ɗanta namiji, mai shekara 14, ba wanda ya san inda yake. Sun rabu a bakin gada cikin turmutsitsi.

A makonnin da suka biyo baya na kasa karanta labarin ƙirƙira. Sai na koma kan wani kwafi da na taɓa ɗauka da injin hoto shekarun baya na ajiye ban buɗe ba: Permanent Pilgrims, na wani masani ɗan Gana mai suna C. Bawa Yamba, wanda ya fito a 1995. Turancina na aiki ne, da ƙamus a waya nake binsa. Mutumin ya zauna da Hausawan ƙauyukan Jazira, ya tarar da jikoki da tattaɓa kunnen mahajjata waɗanda ba su taɓa ganin teku ba amma suna kiran kansu matafiya, suna cewa suna kan hanya. Na yi dariya ni kaɗai a hafila, don maganar kakata ke nan. Shekararta ta haura 80, a Sudan aka yanke mata cibiya, amma in an tambaye ta sai ta ce, "Mu nan zango muka yi." Ba ta yarda a kira ta Hajiya, ta ce ba ta isa ba tukuna.

Littafin ya burge ni, ya kuma ba ni tsoro. Abin da kakata take faɗa don tawali'u a gaban Allah, shi ne mai kiran wayar nan yake faɗa da wata manufa. Ta ce zango muka yi, ya ce to ku tashi. Alhali tun bayan yaƙin Burmi na 1903, da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka buɗe madatsar ruwan Sinnar da gonakin audugar Jazira a 1925, hannun mutanenmu yana cikin waɗanda suka tsinci audugar. Sudan ɗin ma sai a 1956 ta sami 'yancin kai. Agashe da ake layi a kansa kowace yamma a titunan Hartum, sunansa ma bai canza ba daga yadda muka zo da shi. Godogodo kuma yanzu kowa sha yake yi. Na faɗa wa kakata haka, na ce, "Ke tsohuwa, ki daina cewa zango, ana jin ki." Ta dube ni ta ce, "Kishiya, duniyar ma duka zango ce, je ki gaya wa rediyonku." Ban sami amsar ba ta ba.

Gidan ya cika, wuta kuma tana ɗaukewa kusan kullum. Da dare sai mu fitar da gadajen angareb tsakar gida mu zauna cikin duhu, ba mai magana, Goggo tana riƙe da waya. Don in kore shirun ne wani dare na ɗauko Shaihu Umar na kunna fitilar waya.

Yadda na iya karatun Hausar boko ma labari ne. A gida muna jin Hausa, mahaifina ba ya kuskure sashen Hausa na BBC, amma karatu da rubutu duka da Larabci muka yi. Sai da nake difloma na haɗu da wata 'yar Kano da ke karatun likita a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a nan Hartum. Ta ji ina waya da mahaifiyata ta riƙe baki, wai ashe akwai Hausawa a nan. Ita ta nuna mini ƙ da ɗ da ɓ, da za ta koma gida ta bar mini littattafai uku: Ruwan Bagaja, da Magana Jari Ce na ɗaya, da Shaihu Umar. Har yau in na yi rubutu da Hausa sai in ji kamar na ari zanen biki.

Na san Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi tun yana malamin makaranta, don gasar da aka shirya a Zariya a 1933, tun kafin ya zama Firayim Ministan Najeriya. An kashe shi a Janairun 1966, shekarar da littafin Ɗayyib Salih ya fara fitowa a Berut. Abin da na manta shi ne abin da ke cikin labarin. Shekara fiye da goma rabona da shi. Na tuna akwai malami da almajirai, da tafiya cikin hamada, shi ke nan.

Daren farko lafiya lau. Kakata ta gyara zama, tana tare ni a kowane shafi. In na karanta kalma na tsaya ina tambayar ma'anarta sai ta ce, "Ashe ba ki sani ba? Haka babana yake faɗa." In na ja wasali inda ba a ja ba ta ce na karanta kamar Balarabiya mai tallan turare. Kalmomin da na ɗauka sun mutu, ashe suna kwance ne a bakinta ba wanda ya tashe su. Mu a gidanmu firji tallaja ce, wutar lantarki kahraba, mota arabiyya. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Hartum, ɗan Mai Wurno, ya rubuta littafi guda a kan yadda Hausar Sudan take rungumar Larabci, ya fito a 1999. Na daɗe ina nemansa, a Jamus aka buga shi, kuɗinsa ya fi ƙarfin albashina.

A dare na uku muka iso inda aka sace yaron, aka kai shi Kano, Balarabe ya tafi da shi ƙetaren hamada, uwar kuma ta bar komai ta bi sawunsa gari gari tana tambaya. Ina tsakiyar jimla na farga da abin da nake karantawa da kuma wadda nake karanta wa. Na yi shiru. Na ce batir ya kusa ƙarewa. Goggo, wadda tun da ta zo ba ta haɗa jimla biyu a jere ba, ta ce daga cikin duhu, "Ɗiyata, ci gaba. Ta same shi?"

Na san ƙarshen ya dawo mini a lokacin: ta same shi, bayan ita ma an bautar da ita, amma ba ta daɗe ba ta rasu. Na ce, "Ta same shi, Goggo." Ta ce to in karanta har wurin. Muka yi dare biyar muna bin matar nan. Da muka zo ƙarshen ban tsallake komai ba, don kakata za ta gane. Goggo ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ai ta gan shi." Ba ta ƙara cewa komai ba.

Ranar kwana na 19 aka bugo daga Rabak. Wani direban babbar mota ya kwashi yara da mata a hanya ya sauke su a wata makaranta a can, yaron yana ciki, ba waya a hannunsa, lambar uwarsa kuma ta ɓace masa don ruɗewa. Wani malami ne ya bi dangi da dangi har aka kai ga mahaifina. Maigidana ya je ya taho da shi. Ya rame, ba ya son a rufe ƙofa in yana ɗaki. Direban ba Bahaushe ba ne, yaron bai ma san sunansa ba.

A Oktoba faɗan ya sake tashi a wajen Wad al-Mahi, cikin kwana biyu aka kashe mutum wajen 200. Ni na karanta wannan labarin ma. Mijin Goggo ya koma ya ga abin da ya rage na gonarsa, ita kuma har yanzu tana wurinmu, ta fara soya ƙosai a ƙofar gida da safe.

Abu ɗaya na yi a wurin aiki, kuma ba na cewa ya isa. Ina da shirin waƙoƙin da a ranar Alhamis. Na ware shiri guda a kan A'isha Falatiya, mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, lokacin gidan bai fi shekara biyu ko uku da buɗewa ba, kuma mace ta yi waƙa a bainar jama'a abin kunya ne. Ta rasu a 1974. Kowane ɗan Sudan ya san muryarta, iyayenmu sun yi aure da waƙoƙinta. Na ba da tarihinta, na ce iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso a kan hanyar hajji, kamar kakan mahaifina. Wannan "kamar kakan mahaifina" ba ya cikin takardar da na miƙa wa edita. Shekara tara ina magana a wannan gidan, ranar ce ta farko da na faɗi ko ni wace ce. Na rufe shirin da sallama da Larabci, sannan na ƙara da "sai wani makon, in Allah ya kai mu" da Hausa. Injiniyan sauti ya ɗago kai ya dube ni ta gilashi. Saƙonni sun shigo, wasu masu daɗi, biyu marasa daɗi. Wata mata daga unguwar Mayo ta bugo ba ta ce komai ba sai "sannu, 'yar uwa", ta kashe. Editan bai ce uffan ba, washegari dai ya aiko mini da shayi daga wurin mai shayin bakin ƙofa.

Sauran littattafan jerin ba su da dogon labari. Minaret na Laila Abul'ula, kan 'yar babban jami'in gwamnati da juyin mulki ya mayar 'yar aiki a Landan, na so shi, ko da yake Hartum ɗinta ta masu gidan bene ce, ba tawa ba. Akwai diwanin waƙoƙi guda biyu, da wani littafi kan tarbiyyar yara, da tarihin rayuwar wani ɗan siyasa wanda ya yabi kansa tun daga bango har bango.

Na biyun da ban gama ba shi ne Magana Jari Ce. 'Yata tana da shekara shida, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Tun zuwan 'ya'yan Goggo bakinta ya fara sakewa. Na fara karanta mata labaran da akun nan yake ba ɗan sarki don ya hana shi fita, dare ɗaya labari ɗaya, kakata tana gefe tana gyara mu mu biyu. Rannan yarinyar ta tambaye ni ko akun ɗan Sudan ne ko ɗan Najeriya. Kafin in buɗe baki tsohuwa ta ce mata aku ba shi da jinsiyya, duk inda aka ba shi gero nan ne garinsu. Jinsiyya ita ce takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda mahaifina ya yi shekara biyu yana kai da kawo kafin a ba shi, ana tambayarsa kabarin kakansa.

A farkon Disamban 2022 sojoji da wasu jam'iyyu sun sa hannu a kan wata yarjejeniya, an ce mulkin farar hula zai dawo. Matasa ba su yarda ba, suka ci gaba da fita, gadoji kuma aka ci gaba da rufe su. A hafila kowa da fassararsa. Sanyin hunturu ya shigo, ruwan Farin Nilu ya ja baya, masu noman rani sun fara shuka a bakin gaɓa ƙarƙashin gada. Ina da littafi na ɗaya ne kawai na Magana Jari Ce, saura labari kaɗan mu gama, don haka na aika wa ƙawata ta Kano, wadda yanzu likita ce, ta nemo mini na biyu da na uku ta ba ɗaliban da za su dawo hutu a Janairu.